Mbuna nawa tankin santimita 120 zai ɗauka?

Baban Ilham ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifin ado. Shawara nake nema kafin in kashe kuɗi. Tankin gilashi ne, tsawo santimita 120, faɗi 40, zurfi 50, wato lita 240 a lissafi. Filta ɗaya ce ta waje, an rubuta lita 1,000 a awa a jikin kwalinta. Yashi da duwatsu suna ciki, ruwa yana juyawa tun makon jiya, kifi ne kawai bai shiga ba. Niyyata siklid na Tafkin Malawi, irin masu zama cikin duwatsu da ake kira mbuna.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, wasu sun ce kada in wuce guda 8 saboda faɗa da dattin ruwa, wasu kuma sun ce in zuba 30, wai cunkoso ne maganin faɗansu. Wanne ne daidai? In cunkoson ne, ina iyakarsa, kuma da me zan gane na wuce gona da iri? Sannan a garinmu ana ɗauke wuta, zafin bazara kuma kun san shi. Allah ya saka da alheri.

Mai Duwatsu ya rubuta:

Wa alaikumus salam Baban Ilham. Duka maganganun biyu suna da tushe, sai dai kowacce rabi aka faɗa maka.

Fara da gyara lissafin ruwan. Lita 240 na tankin da babu komai a ciki ne, an cika shi har baki. Cire kaurin gilashi, cire santimita 4 ko 5 da ake bari a sama, cire yashi, cire duwatsu, waɗanda ga mbuna ya kamata su kai rabin zurfin tankin. Abin da zai rage wajen lita 180 ne. Da shi za ka riƙa lissafin magani da canjin ruwa.

Ƙa'idar nan ta auna tsawon kifi a raba da yawan lita ba ta aiki a nan. Kifin da ya ninka tsawo sau biyu, nauyinsa ya ninka kusan sau takwas, ci da kashi su ma sun haura sosai. 'Yan ƙananan da za ka gani wajen mai sayarwa masu santimita 4, nan da shekara guda sun kai 9 ko 10. Da girman da za su kai ake lissafi.

Dalilin cunkoson kuwa shi ne halin namijin mbuna. Yana kama wani gefen dutse, ya tone yashin gindinsa, ya kori duk wanda ya raɓe shi, musamman mai kama da shi a launi. A tafki wanda aka kora yana da inda zai gudu. A tanki gilashi ne ke tare shi. In kifi 5 ko 6 ne a ciki, babban namijin zai sa ɗaya a gaba, yau shi gobe shi, har ya daina cin abinci ya mutu, sannan ya koma kan na gaba. In sun kai 15, da ya bi wannan sai wancan ya gifta, hankalinsa ya rabu, dukan ya watsu a kan kowa kaɗan-kaɗan. Shi ke nan hikimar. Cunkoso ba ya cire musu faɗa, raba shi yake yi.

Saboda haka ƙasan tanki ya fi yawan lita muhimmanci. Ƙasa mai 120 da 40 tana ɗaukar manyan maza uku, kowa da tarin duwatsunsa. Ga tsarin da aka saba:

Iri uku, kowane iri namiji 1 da mata 4. Jimla 15. In duk ƙananan iri ne waɗanda ba sa wuce santimita 10, ana iya kaiwa 18. Guda 30 manya a ƙasar nan ba dabara ba ce, kasuwar kifi ce. Irin wannan adadi sai tanki mai santimita 180.

Irin da suka dace: Labidochromis caeruleus, rawayan nan mai baƙin layi a fiffiken baya, yana tsayawa wajen santimita 10 kuma yana cikin masu sauƙin kai. Iodotropheus sprengerae, mai launin tsatsa, shi ma haka. Na uku ka zaɓi ɗaya mai shuɗi. Acei yana da haƙuri kuma yana yawo a saman ruwa, amma yana kai santimita 15, tankinka shi ne ƙarshen ƙanƙantar da zai iya zama. Wani tsarin kuma, maimakon rawayan ka ɗauki saulosi, wanda namijinsa shuɗi ne mai baƙaƙen zane, macen kuma rawaya, ka samu launi biyu a iri ɗaya.

Maganar mata huɗu ba ado ba ce. Namiji yana bin mace kullum. Macen da ta ɗauki ƙwai a baki, kamar yadda karfasa ke yi, tana shafe mako 3 zuwa 4 kusan ba ta cin komai. In ita kaɗai ce, kafin ta murmure ya sake sa ta a gaba. Da yake ba a gane namiji da mace suna ƙanana, sayi 7 ko 8 na kowane iri, in sun girma ka fitar da mazan da suka yi yawa. Tun kafin ka saya ka san inda za ka kai su.

Maman Sadiq ta rubuta:

Malam Mai Duwatsu ya gama da ɓangaren faɗa. Ni ɓangaren ruwa zan taɓa, domin a nan iyakar da kake tambaya take.

Na farko, ruwa yana juyawa tun makon jiya ba ya nufin tankin ya nuna. Bakteriyar da ke zama cikin soson filta tana cin amoniya ne, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, in babu amoniya ba za ta hayayyafa ba ko da famfo ya shekara yana aiki. Ko dai ka riƙa zuba ɗan abincin kifi yana ruɓewa, ko ka samo tsohon soso daga filtar wani tanki mai lafiya. In daga farko ne, abin yana cin mako 4 zuwa 6. Alamar ya nuna: amoniya 0, naitirait 0, wato wanda ake rubuta NO2 a kwalbar awo, sannan naitiret, NO3, ya fara bayyana. Kayan awo na ɗigo sun fi na takarda gaskiya.

Me ya sa amoniya ta fi tsanani ga mai kifin Malawi? Saboda ruwansu pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa da ke hawa in tsami ya ragu, sama yake, tsakanin 7.7 da 8.6. Amoniya kashi biyu ce a ruwa, mai guba da marar guba sosai, kuma pH ne ke raba su. A digiri 25, in pH 7 ne, mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. In pH 8 ne ta kai wajen kashi 5, kusan ninki goma. Zafi kuma yana ƙara ta. Awon da mai kifin ruwa mai laushi, wato marar yawan ma'adinai, zai gani bai damu ba, kai a wajenka ƙona musu wurin numfashi yake yi.

Na biyu, filtarka ta yi kaɗan. Lambar da ke jikin kwali ta famfo ce babu soso, babu doguwar tiyo. Da an cika ta datti ya fara taruwa, ba za ka samu 1,000 ɗin ba. Tankin mbuna mai yawa ana so ruwansa ya bi ta filta sau 8 zuwa 10 a awa, wato kai kana neman lita 1,440 zuwa 1,800 a awa. Ƙara ta biyu, ko da ta soso ce mai aiki da famfon iska, babba. Amfanin biyu shi ne ba a wanke su mako ɗaya. Wannan yau, waccan bayan mako biyu, kuma cikin ruwan da ka ɗebo daga tankin. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe bakteriyar.

Na uku, ga yadda ake gane iyaka da lamba. Filta tana mayar da amoniya naitiret, amma ba ta fitar da shi, canjin ruwa ne kaɗai ke fitar da shi. Auna naitiret bayan ka canza ruwa, ka sake aunawa bayan kwana 7 kafin canji na gaba. Bambancin shi ne abin da kifinka ke samarwa a mako. Raba shi da kason ruwan da kake canzawa, za ka ga inda zai je ya tsaya. Misali yana hawa miligiram 15 a lita a mako. In rubu'i kake canzawa, zai tsaya a 60. In rabi kake canzawa, zai tsaya a 30. Ana so ya kasance ƙasa da 40, in da hali kusa da 20. To duk ranar da ka ga kana canza rabin ruwa kowane mako amma yana haura 40, kifin sun yi yawa ko abincin ya yi yawa. Babu filtar da za ta gyara wannan.

Ka auna ruwan da kake zubawa shi ma. Rijiyar cikin gari da wasu burtsatse suna zuwa da naitiret ɗinsu. In ruwanka ya zo da 20, sai ka ɗora shi a kan lissafin, adadin kifin da za ka iya riƙewa ya ragu.

Abu ɗaya da ake mantawa: aikin bakteriyar nan yana cinye sinadarin da ke riƙe pH, wanda ake auna shi da sunan KH. Tanki mai cunkoso da ake jinkirta canjin ruwansa, wata rana pH zai faɗi. Sa dakakken murjani ko dutsen farar ƙasa cikin filta. In ruwanka mai laushi ne, ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda ga lita 20 na sabon ruwa shi ne ma'aunin da aka saba farawa da shi, a auna a gani. Kanwa kam kar a sa, ba a san ƙarfinta ba, kowace da nata.

Baban Ilham ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Hajiya, zan dakata sai awo ya nuna. Wani abu kuma: mai sayarwar yana da auratus da kenyi da demasoni, akwai kuma waɗanda yake kira fikok, da frontosa ƙanana, da jan kifin nan juwel. Ya ce duk siklid ɗin Afirka ne, suna zama tare. In ɗauki bibbiyu daga kowanne don launi?

Abu Hanan ya rubuta:

A'a Baban Ilham, bibbiyu shi ne mafi munin tsari. In duka maza ne ɗaya zai kashe ɗaya, in mace da namiji ne macen ce za ta sha wuya.

Auratus da kenyi suna da kyau suna ƙanana, shi ya sa suke tafiya a kasuwa. Namijin auratus in ya balaga yakan juye ya yi duhu, kuma yana cikin mafi zafin mbuna. Kenyi namijinsa rawaya yake komawa, sai ya ɗauki duk wani rawayan kifi abokin gaba, har da Labidochromis ɗinka. Masu riƙe su suna ba namiji 1 mata 6 ko 7, a tankin da ya fi naka faɗi. Bar su.

Demasoni ƙarami ne, bai wuce santimita 8 ba, amma da ɗan'uwansa yake faɗa ba sassauci. Ko ɗaya tak, ko 12 zuwa sama. In shi kake so, tsarin sai ya koma demasoni 12 da rawaya 5 ko 6, iri biyu, ba ƙari. Kar ka haɗa shi da saulosi, zanensu iri ɗaya ne, faɗa da gaurayen haihuwa duk za su biyo baya. Haka rawayan da jan zebra, wani irin mbuna, suna yawan haɗuwa su haifi barbarar yanyawa, kuma irin waɗannan bai kamata a sayar wa mutane da sunan tsantsa ba.

Abin da nake so a fahimta, dabarar cunkoson nan ta mbuna ce, sai kuma Tropheus, siklid na Tafkin Tanganyika, da ake riƙewa garke guda na 12 zuwa sama. Ba ta kowane siklid ba ce.

Fikok, wato Aulonocara, na Malawi ne amma a bakin yashi suke kiwo, suna tsintar ƙananan halittu. Ba su da zafin mbuna. In an haɗa su, launinsu yakan dushe, abinci ma ba sa samu. Tankinsu daban, ko namiji 1 da mata 4 na iri ɗaya, ko maza zalla marasa kama da juna, kuma a ƙasa da yawan mbuna.

Frontosa na Tafkin Tanganyika ne, daga ruwa mai zurfi. Yana haura santimita 30, garke yake so, tanki mai santimita 180 shi ne farkon magana, kuma da ya girma ƙananan kifi abincinsa ne.

Juwel, wato Hemichromis, kifin koguna ne, akwai su a Afirka ta Yamma har da ruwayen Najeriya. Su a kan dutse suke zuba ƙwai, uwa da uba su tsare. Ranar da suka yi ƙwai rabin tankin ya zama nasu. Ƙara yawan kifi a nan ƙara yawan waɗanda za a yi wa rauni ne. Kribensis na kudancin Najeriya da Kamaru shi ma ma'aurata ne masu tsaron rami, ga shi ruwa mai laushi ya fi so.

In kana son wani abu daban a ƙasan tanki, ƙananan kurungun Tanganyika suna jure zama da mbuna, guda 4 ko 5. Amma ka sa su cikin lissafin naitiret, su ma kashi suke yi.

Ɗan Tafki ya rubuta:

Ni ban yarda da 18 ba, 15 ɗin ma da sharaɗi. Lambobin nan daga wuraren da wuta ba ta yankewa suka fito, ruwa kuma yana zaune a digiri 25 ko 26. Baban Ilham ya ce ana ɗauke wuta kuma akwai zafi. Wannan shi ne zai yanke hukunci kafin naitiret.

Ruwa mai digiri 25 yana riƙe oksijin wajen miligiram 8.3 a lita. A digiri 30 ya sauko wajen 7.6. Raguwar kamar kaɗan ce, amma a lokacin ne jikin kifin ke ƙara neman iska saboda zafi, bakteriyar filta ma tana jan nata. Da wuta ta tafi saman ruwa ya tsaya cik, tanki mai kifi 18 manya cikin 'yan awanni za ka gan su a sama suna haki, manyan ne kuma ke fara faɗuwa. Mbuna sun fi son 24 zuwa 28. A watan Afrilu ɗaki mai rufin kwano yana kai ruwa sama da 30 cikin sauƙi.

Saboda haka, in filta ɗaya da famfon iska suna kan inbata ko sola, 15 ya yi. In babu, tsaya a 10 zuwa 12, iri biyu masu sauƙin kai, rawaya da mai tsatsa. Su ba sa buƙatar cunkoso mai yawa kafin su zauna lafiya. Ko ta yaya, famfon iska mai batir ya kasance a ajiye, irin mai kunna kansa in wuta ta tafi ya fi, saboda dare.

Filtar waje mai rufaffiyar tukunya tana da nata haɗarin. In ta tsaya awanni da yawa, iskar cikinta ta ƙare, ruwan ya fara wari. Wuta na dawowa sai ta watso shi cikin tanki. In ɗaukewar ta daɗe, cire ta daga soket, zubar da ruwan cikinta, ɗauraye soson da ruwan tanki, sannan a mayar. Ranar da babu wuta kar a ba su abinci. Babban mbuna yana kwana 2 ko 3 bai ci ba lafiya lau.

Don zafi: buɗe murfi a sa raga, domin suna tsalle, a ɗora ƙaramar fanka tana kaɗa saman ruwa. Tana sauke digiri 2 ko fiye inda iska ta bushe, sai dai ruwa yana ƙafewa da sauri, a riƙa cikawa. Bakin tiyon filta ya riƙa karya saman ruwa. Ƙanƙara kai tsaye a'a. Lokacin hunturu kuma hita ake nema, wajen wat 1 ga kowace lita.

Mai Duwatsu ya rubuta:

Gyaran Ɗan Tafki daidai ne, na karɓa. In babu wutar ajiya, 12.

Saura yadda za a zuba su. Duwatsu a kan gilashin ƙasa ake ɗora su kafin a zuba yashi, domin mbuna suna tono, dutsen da ke kan yashi zai zame ya fasa tanki ko ya danne kifi. Yi tari uku da tazara, yadda wanda ke wannan gefe ba ya hango na wancan. Ramuka su fi kifin yawa.

Iri mafi sauƙin kai shi ke fara shiga, garke guda, sai bayan mako 2 na gaba ya biyo, ana auna amoniya da naitirait a tsakani. Kar a taɓa sa sabon kifi ɗaya tilo cikin waɗanda suka riga suka kafa gida. In ƙari ya zama dole, 4 zuwa sama, a sauya zaman duwatsu, a kashe fitila har washegari. Sababbi su yi mako 3 ko 4 a wani ƙaramin tanki tukuna.

Abinci mai ganye, irin mai sifirulina, wani irin gansakuka, abin da za su cinye cikin minti ɗaya, sau ɗaya ko biyu a rana. Abincin tarwada na gona kar ya shiga, furotin da mai sun yi musu yawa. Kumburin ciki da ke kashe kifin Malawi yawanci a kan wanda aka takura yake fara sauka: ya ɗauki abinci ya tofar, kashinsa ya zama fari siriri kamar zare, ya koma gefe, sannan ciki ya kumbura. Da ka ga matakin farko ka ware shi.

Duba tankin lokacin ba da abinci, a nan komai ke fitowa. Kifin da ya maƙale a kusurwar sama ko bayan hita, launi ya dushe, jela a yage, korarre ne. In ɗaya ne ko biyu, matsalar tsari ce, ko maza sun yi yawa ko mata sun yi kaɗan, ƙarin kifi ba lallai ya gyara ba. Cire shi ya warke, ka duba waye ke binsa. In kuwa duka ne ke numfashi da sauri da asuba, ko ruwa yana yin hazo kwana biyu bayan canji, yawa ne, a rage.

Ka kuma sa 'ya'ya a lissafi. Mata 8 ko 12 suna ɗaukar ƙwai, kowacce tana tofar da 10 zuwa 30, kuma inda duwatsu suke da yawa wasu suna tsira. Tankin 12 yana zama na 20 ba ka sayi ko ɗaya ba. Ajiye ƙaramin tanki na lita 40 zuwa 60 da filtar soso da ta riga ta nuna, don mai rauni, da mace mai ƙwai in kana son 'ya'yan, da namijin da ke jiran a zo a ɗauke shi.